Ganyen Magarya a Jakar Haulatu

Ranar da na buɗe jakar 'yata Haulatu ina neman allura, na tarar da ganyen magarya da ƙullin kafur da yankin farin ƙyalle, hankalina ya tashi. Yarinyar da muka kai kwaleji ta karanci addini, muna jiran mu ji wa'azinta a rediyo, me ya haɗa ta da kayan 'yan tsibbu?

Na tambaye ta. Wai aikin makaranta ne, malamarsu ta ce hidimar addini ba a bakin lasifika kaɗai take ba. Na ce to, amma ni ba yarinya ba ce. Waya za ta yi ƙara, ta zari hijabi ta fice, ta dawo jugum. Na ƙudura a raina, in na kama ta a gidan boka, ranar babanta zai ji, karatun kuma ya ƙare.

Ranar Talata da hantsi na bi sawunta har wani lungu bayan rijiyar Kusugu. Maza na zaune kan tabarmi a ƙofar gidan da ta shiga. Na ce lallai, har da fakewa da gidan mutuwa.

Na kutsa ciki na leƙa bayan labule. Inna Shatu ce a kan kujera, tsohuwar da ta shekara arba'in tana yi wa matan unguwarmu wankan gawa.

"Hwara da dama, 'yar nan," in ji ta. "A hankali, ja mata zanen."

Haulatu ce durƙushe tana zuba wa gawar wata mata ruwan magaryar. Na saki labulen, na jira a tsakar gida har suka gama.

A hanyar gida na kasa haƙuri. "Me ya hana ki faɗa mini?"

"Umma, ke da ko ruwa ba kya karɓa daga hannun Inna Shatu?" Ba ta ɗago kai ba. "Ita ta wanke Kaka. Yanzu ko buta ba ta iya ɗagawa, kuma ba wadda ta zo koyo."

Gaskiya ta faɗa, kunya ta rufe ni. Duk abin da Inna ta aiko gidanmu, kaji nake ba wa.

Da muka isa ta dama fura, ta ajiye nesa da ni, ta juya za ta shige ɗaki.

"Dawo," na ce. "Miƙo mini da hannunki."

Na shanye tas.