Sunan da Manga Ba Ya Faɗa

Tun safe Hayatu ya kasa zama. Ya share aji, ya leƙa titi, ya dawo ya kwance jakarsa ya sake ɗaurewa. Ni ma ya hana ni sukuni, sai da na daka masa tsawa ya tsuguna, yana ta kaɗa ƙafa.

Ranar rufe sansani ce. A dogon hutun 1994 muka ari wata firamare a Nukkai, muka tara yaran tasha da masu sayar da fetur a galan, muna koya musu aikin kafinta, muna raba su da sholisho. Ni Ukasha, malamin makaranta, aka damƙa mini rukuni guda in zame musu babban wa, cikinsu har da Hayatu, wanda ya gudo daga gida. Shugabarmu Madam Beatrice ce, ma'aikaciyar sakatariya da aka turo Jalingo bayan an ba mu jiha. Tana da kirki, amma in ta ƙulla abu babu mai kwance shi. Abin da ta ƙulla kuwa shi ne, kowane uba zai miƙe a gaban jama'a ya kira ɗansa da suna, yaron ya fito, su tafi gida tare.

Na ce mata akwai matsala. Mahaifin Hayatu, Manga, Bafulatani ne daga wajen Sunkani. Hayatu ɗan fari ne, kuma sunan kakansa aka sa masa. Mutum irin Manga ba ya faɗin sunan ɗan fari, balle sunan mahaifinsa. Kunya ce, da ita aka san mutum a cikinsu.

"Uba ta haifi yaro, ta kasa kiran sunansa?" in ji Madam da Hausarta ta ofis. "Malam, shi ya sa yaron ya gudu."

Raina ya ɓaci, amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Hayatu ya ji, kuma maganar ta shige shi. Ya san al'adar sarai, da ita ya tashi. Duk da haka ya rantse in uban bai kira shi ba, da yamma zai bi wani direban babbar mota zuwa kudu, ya zama yaron mota. Na san direban. Ƙwaya yake ba yaransa don kada su yi barci, kuma ban taɓa ganin wanda ya dawo da hankalinsa cikakke ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Azahar ta wuce babu Manga, ga wahalar mai ta sa motoci sun yi ƙaranci. Iyaye suka cika benci. Hayatu ya je bakin katanga ya fi a ƙirga. Sai da aka fara jawabi na hango dattijon, dogo siriri, da sanda a kafaɗa, 'yan'uwansa biyu na biye da shi. Ya gaisa da kowa, har da mai gadi. Idonsa ya bi ta kan ɗansa kamar yadda ya bi ta kan ginshiƙi.

Na ja shi gefe na faɗa masa komai, har da zancen direban. Ya saurara har na gama. Abin da ya tambaye ni kawai shi ne ko "wancan" yana cin abinci.

Aka fara kira. Wani uba ya kira Abdulmumin, aka tafa. Wata uwa ta kira nata tana kuka. Benci yana ta raguwa, ni ina zufa, ina zagin tsarin nan a zuciyata, ina gadin ƙofa da ido. Ƙarshe ya rage saura Hayatu shi kaɗai, jakarsa a kan cinya.

Madam ta miƙa wa Manga lasifika. Ya karɓa a ɗarare kamar an ba shi garwashi. 'Yan'uwansa suka sunkuyar da kai, ɗaya ma ya juya baya. Dattijon da ba ya gudun bijimi, ga shi suna ɗaya ya gagare shi a gaban baƙi.

Ya buɗe baki. "Ha..."

Ban ga lokacin da Hayatu ya tashi ba. Jakar ta faɗi, ya tsallake benci, ya fizge lasifikar daga hannun uban, ya durƙusa a gabansa.

"Baaba, kar ka faɗa," ya ce. "Ga ni."

Madam ta ɗaga hannu za ta tafa, sai ta fasa. Manga bai dubi yaron ba. Ya gyara sandarsa, ya juyo gare ni, idonsa jajur.

"Malam," ya ce, "ka ce wa wancan ya tashi, hanya da nisa."