Shayin da Ya Huce

Kafin ciwon, falonsu ba ya rabo da mutane duk yammacin Asabar. Malam, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da adabi, shi ya tara su: masu son rubutacciyar waƙa irin ta zamani, wadda ba ruwanta da amsa-amo, wadda in an gama karanta ta sai ka yi shiru kana tunanin kai ne ba ka da kai ko mawaƙin. Doka ɗaya ce a zaman, kuma Malam ne ya kafa ta: ba mai kai kofin shayi baki sai ya karanta wani abu a fili, ko da layi ɗaya ne. Wanda ya zo hannu rabbana, sai ya zauna yana kallon shayinsa na hucewa. An taɓa yi wa wani babban alƙali haka, ya koma gida da ƙishinsa.

Matar Malam ce mai dafa shayin, dokar kuwa ba ta hau kanta ba, don ba ta taɓa zama cikinsu ba. Takan ajiye tire ta koma kicin, ta bar ƙofa a buɗe, ta ɗauki nata littafin. Ita karatunta na kisan kai ne, ba irin na harbe-harbe da tseren mota ba, irin wanda tun shafin farko ka san wanda ya yi ɓarnar, abin da ake tonowa shi ne me ya kai shi. Shi ya sa Malam ya laƙaba mata Sufeto, sunan ya bi ta har bakin maƙwabta.

"Sufeto, yau wa aka kashe?" yakan ɗaga murya daga falo.

"Wani mawaƙi ne, Malam. Masu sauraronsa ake zargi."

Rabin waƙoƙin ba ta gane inda suka dosa, amma tana son hayaniyar: musun, shewar, ƙarar cokula a kofuna. Ba ta san iyakar son da take yi mata ba sai da ta ɗauke.

Ciwon ya zo wa Malam wata safiya yana ɗaura agogo. Ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da maganarsa. Mutumin da in ya kama zance sai an roƙe shi ya numfasa, ya koma daga "a'a" sai wani gurnani da ita kaɗai ke fassarawa, ita ma rabi da ka take yi. Da farko an yi ta zuwa dubiya, har takalma ba sa samun wuri a bakin ƙofa. Daga baya ƙafa ta ɗauke. 'Yarsu tana aure a nesa, ta zo da 'yarta suka yi kwanaki suka koma. Gidan ya yi shirun da har ƙarar firij take ji daga ɗaki.

Likita ya ce a riƙa yi masa karatu. Ta ɗauko waƙoƙin da ya fi so, waɗanda bangonsu ya yi laushi don yawan taɓawa. Tana fara baiti na biyu ya juya fuska bango. Ta gwada nata na kisan kai, ya yi barci kafin a gano gawar. Ranar nan tana shara ta zaro wani littafi daga ƙarƙashin kujera, wanda jikarsu ta manta. Na yara ne, a kan duwatsu, mai kwali mai kauri da manyan baƙaƙe, da hoton dutse mai aman wuta, da wata tsakuwa da aka yi wa idanu da baki tana murmushi. Don wasa ta karanta masa shafi ɗaya. Ya miƙo hannun hagu ya riƙe littafin, bai sake shi ba.

Tun tana dariya har abin ya fara ci mata rai. Kullum sai ta karanta masa yadda ruwa ke goge tsakuwa har ta yi sumul, da yadda ƙasa take hawa-hawa kamar katifun da aka jibge. Malam guda, wanda marubuta ke kawo wa aikinsu ya duba, shi ne yake kwana da tsakuwa mai murmushi a ƙarƙashin filo. Takan shiga banɗaki ta kunna famfo ta yi kukanta.

Ita ce ta yi ta bin mutanen zaman a waya. Suka yi ta jan ƙafa, wannan tafiya, wancan mura. A ƙarshe uku suka amsa: Lauya, abokinsa tun suna samari, Ɗan Jarida, wanda bai taɓa yabon waƙar kowa ba, da wata tsohuwar ɗalibarsa da yanzu ita ma take fitar da littattafai. Ta san wannan zuwan gwaji ne. In sun ga Malam ɗinsu yana nan, za su dawo, falon ya sake rayuwa. In sun ga ya koma yaro, za su yi addu'a su tafi, daga nan sai gaisuwar waya. Ba za ta iya wata shekarar da ƙarar firij ba.

Da ta gaya masa za su zo, idanunsa suka yi haske, sai kuma ya ƙara manne wa littafin. Sau da yawa takan shigo ta tarar ya ɗora yatsa a shafi, leɓunansa na motsi, yana ganinta ya rufe. Ta yi nata binciken ta yanke hukunci: tsoro ne, ya riƙe shi yadda yaro ke riƙe zanin uwarsa in ya ga baƙi.

Ranar Asabar ta yi masa aski, ta sa masa rigar da ya fi so. Da barcin rana ya ɗauke shi, ta zare littafin a hankali ta kai ɗaki, ta tura shi bayan littattafanta a ƙasan kabad, inda ta saba ɓoye masa sigari shekara da shekaru. A gefen kujerarsa ta jera waƙoƙi masu nauyi, yadda duk wanda ya shigo zai gani.

Ya farka yana lalube. Kafin ya gama ɗaga filon, aka ƙwanƙwasa ƙofa.

An gaisa da murya sama-sama, irin yadda ake yi wa kurma, alhali kunnensa ƙalau yake. Ta kawo shayi, ta koma kicin ta bar ƙofa a buɗe, ta tsaya inda take hango shi. Lauya ya karanta wata waƙa a kan tashar jirgin da ba kowa, ya ɗauki kofinsa. Ɗan Jarida ya karanta tasa, ya soki ta Lauya, aka ɗan yi dariya. Zuciyarta ta yi sanyi, ga tsohuwar hayaniyar nan tana leƙowa. Ɗalibar ta karanta sabuwar waƙarta tana satar kallon malaminta.

Malam kuwa ƙofar ɗaki yake nunawa da hannun hagu, yana gurnani, yana neman idon matarsa. Ta san abin da yake so sarai. Ta yi kunnen uwar shegu, ta kama goge tukunyar da ta riga ta bushe.

"Mama, ko kwanciya yake so?" in ji ɗalibar.

"A'a, 'yata, murna ce. Haka yake yi. Ku ci gaba."

Ɗalibar ta ɗauki kofinsa ta durƙusa a gabansa. "Malam, ga shayinka, kar ya huce."

"A'a," ya ce.

"Haba mutumina," in ji Lauya, "yau kotu ta yi maka afuwa. An ɗage dokar. Sha abinka."

"A'a!"

Ya ture kofin da bayan hannu, shayin ya fantsama a hannun rigar yarinyar, rabi ya rage. Ɗan Jarida ya duba agogo, Lauya ya tuna yana da wani wurin zuwa. Aka yi addu'ar samun sauƙi, aka miƙe.

Ta raka su har kan matattakala. Suka ce sai wani satin in Allah ya yarda, da irin muryar da ta san ba satin da zai zo. Tana tsaye riƙe da ƙarfen benen ta ji muryar Ɗan Jarida daga hawa na ƙasa, yana zaton ta shiga.

"Malam ya riga ya tafi, Lauya. Rigarsa muka zo gaisarwa."

Ta daɗe a wurin. Haushinsu take ji, da haushin Malam da ya kasa daurewa na yamma ɗaya, ga wani kaɗaici da ya rufe ta. Da ta koma, kujerarsa ba kowa, sandarsa ma ba ta nan. Ta bazama nemansa.

A ɗaki ta same shi, zaune a ƙasa gaban kabad, ya jingina da gado, gumi ya jiƙa rigar. Littattafanta na kisan kai warwatse kewaye da shi. Ashe duk shekarun nan ya san maɓoyar sigarin. Ya rungume littafin duwatsun, yana nuna mata falo. Ta tallafe shi da kafaɗa, suka ja jiki har kujerarsa.

Ya buɗe shafin da gefensa ya yi duhu don yawan taɓawa. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya yadda ya saba yi kafin ya fara, ya dubi kujerun nan da har yanzu ba su gama tasowa daga nauyin baƙin ba. Ya ɗora yatsa a ƙarƙashin manyan baƙaƙen.

"Du… duwatsu… ma…" Ya tsaya, jijiyar wuyansa ta miƙe. "Suna… tafiya." Ya ja numfashi. "A… hankali."

Ya ɗago kai. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki ragowar shayinsa da ya yi sanyi ƙalau, ya kai baki ya sha.

Sai a lokacin ta gane. Yatsan nan a shafi, leɓunan nan masu motsi, rufe littafin da yake yi in ta shigo: layinsa yake shiryawa. Kowa zai zo da abin karantawa, shi ma ya tanadi nasa, ita kuma ta ɗauke. Sufeton da ta ƙare rayuwarta tana gano dalilin mutanen cikin takarda, ta kasa gano na mutumin da take yi wa aski.

Ta ruga taga ta ɗage labule. Inda motar Lauya ta tsaya ba komai sai wata leda da iska ke juyawa. Ta ɗauki waya, ta dube ta, ta ajiye. Me za ta ce musu, su dawo su ji me?

Ta dawo ta zauna a kujerar da ba ta taɓa zama ba ranar Asabar. Ta tsiyayi abin da ya rage a butar ta ɗaga kofin, sai ta ji hannunsa na hagu a kan nata.

"A'a," ya ce.

Ya turo mata littafin, ya nuna layi na gaba.