Tokar da Ta Fito da Baba

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, bai ƙara leƙa ƙofar gida ba. Keken guragu na nan a ajiye, Auta tana goge shi kowace safiya, amma da ta turo shi bakin gado sai Baba ya juya fuskarsa bango. Likita ya ce in bai riƙa motsawa ba, hannun da ƙafar za su sandare gaba ɗaya. Maganar nan ta tsaya wa Auta a rai.

Matakalar ƙofarsu doguwa ce, keke ba zai sauka ba. Auta ba ta iya tunkarar mutane ba, sai da ta sha fama da kanta kafin ta je wurin Dogo, maginin da ya koyi aiki a hannun Baba, ta roƙe shi ya zuba musu ɗan gangare na kankare.

Dogo ya zo da yashi da tsakuwa da siminti, da wani buhu daban. Duk faɗin tsakar gidan bai ga wurin kwaɓi ba sai ƙarƙashin tagar Baba.

"Yaya Dogo, wannan garin da ke cikin buhun fa?" in ji Auta.

"Toka ce!" ya amsa kamar da kurma yake magana. "Ta kwal, daga tashar wutar lantarki. Zan rage siminti in cike da ita."

"Don Allah yi a hankali, Baba na barci."

"Toka, na ce!"

Sai ga murya daga ɗaki, a karkace amma da zafinta: "Wane marar kunya ne zai zuba mini toka a ƙofar gida? Auta! Kawo keken nan!"

Ta ɗora shi a kan keken, ta turo shi bakin ƙofa.

"Kai Dogo, ashe tsawo kawai ka yi? Haka na koya maka?"

Dogo ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙo masa buhun. "Maigida, ba tokar murhu ba ce. Taɓa ka ji."

Baba ya murza garin da hannunsa mai lafiya. Laushinsa ya fi na siminti.

"Ita ke toshe 'yan kafofin da ruwa ke bi ya ci kankare," in ji Dogo. "Ba ya saurin tsagewa. Aibinsa ɗaya, jinkiri. Da fari rago ne, sai an daɗe ana ba shi ruwa. In ya sha ya ƙoshi, zai fi naka ƙarfi."

"Nawa?"

"Naka, Maigida. Sai dai ni ina da aiki a wani wuri. Auta kuwa ba ta san yadda ake ba kankare ruwa ba, wanka kawai za ta yi masa."

"A ba ni tiyon ruwan," in ji Baba. "In ya tsage, kada ka ce ruwa ne ya yi kaɗan."

Haka aka fara. Safe da yamma Baba na bakin ƙofa yana jiƙa buhunan da aka rufe kankaren da su, yana mita. Maƙwabta suka riƙa tsayawa gaisuwa, yana ba su labarin rashin hankalin Dogo. In hannu mai lafiyar ya gaji, sai ya tura tiyon ƙarƙashin ɗayan. Wata safiya Auta ta ga yatsun nan da suka daɗe a sake sun naɗe a jikin tiyon. Ta koma bayan ƙofa ta share hawaye.

Da makonni suka shuɗe, Dogo ya dawo da guduma. Baba ya karɓa, ya sunkuya ya ƙwanƙwasa. Kankaren ya amsa garau. Ya ƙara da ƙarfi, ko ɓarɓashi bai tashi ba.

"Ba laifi," ya ce, yana hararar Dogo. "Ruwan da na ba shi ne."

Auta ta riƙe keken suka gangara har titi. Da ta dawo ɗaukar masa hula, ta tarar da Dogo yana haɗa kayansa.

"Yaya Dogo," ta ce, kanta a sunkuye, "da gangan ka kwaɓa a ƙarƙashin tagarsa?"

"Ni? Inuwa na bi."

Auta ta dubi wurin. Tun da aka gina gidan, inuwa ba ta taɓa sauka nan ba.

"Allah ya saka da alheri," ta ce a hankali.

Daga titi Baba ya ɗaga murya: "Auta! Nan za ki bar ni rana ta gasa ni? Zo ki kai ni in ga sauran ɓarnar da yake yi wa mutane!"