Furen da Mai Agogo Ya Sayo

Mai Agogo mutum ne mai alfahari da idonsa. Shekara talatin yana zaune a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran takalma da kantin magani, ɗan gilashin nan maƙale a idonsa na dama, yana tsintar ƙusoshin da ba su fi ƙwayar yashi ba. In ka kawo masa agogo, kafin ka buɗe baki ya gaya maka ruwa ne ya shiga ko faɗuwa ya yi. To mai wannan idon ne aka tambaya a asibiti wane magani matarsa take sha, ya tsaya yana sosa ƙeya.

Jiri ne ya kwashe ta a kicin, makonni uku da suka wuce. Nas ta tsare shi da biro a hannu: shekarunta nawa, tun yaushe take da hawan jini, ƙwaya nawa take sha a rana. Shi ko labarin hawan jinin bai taɓa ji ba. Ya ce bari ya tuna, ya ce ai mata sun fi riƙe irin wannan. Daga kan gado matar ta amsa duka da kanta, idonta a rufe. Ashe shekara huɗu tana shan maganin, kuma kwalbar tana nan kusa da kofin shayinsa.

A hanyar komawa gida ba ta yi masa gori ba. Abu ɗaya ta faɗa, fuskarta na kallon taga.

"Da ni agogo ce, maigida, da tuni ka buɗe ni ka duba."

Bayan kwana biyu Auta, 'yarsu da ke aure a wani gari, ta bugo waya ta ce uwarta ta zo ta huta a wurinta. Matar ta amsa. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne akwatin da ta sauko da shi daga saman kabad: ba ƙaramin da take zuwa kwana uku da shi ba, babban ne. Ya tambaye ta yaushe za ta dawo, ta ce sai yadda hali ya yi. Shekara ashirin da shida suna tare, bai taɓa yin mako guda a gidan nan babu ita ba, kuma a duk shekarun nan sunan da yake kiranta da shi bai wuce "ke" ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, cewa in ta fita da wannan akwati ba lallai ta ga dalilin dawowa ba.

Jajibirin tafiyar ya faɗo daidai da ranar masoya, ranar da Mai Agogo ya daɗe yana kira shirmen yara. Tun safe yake kallon samari suna wucewa ta gaban shago, kowa da jan wardi a cikin leda mai ƙyalli. Da la'asar ta kawo jiki sai ya cire gilashin, ya rufe shago, abin da bai yi ba ko ranar da haƙori ya hana shi magana. Mai gyaran takalma ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

Rumfar Mai Fure tana ƙarshen layin, kusa da inda motocin haya ke juyawa. Mace ce kakkaura mai fara'a, hannayenta duk tabon ƙaya. Bokitai sun cika da wardi, samari na ɗauka suna wucewa kamar masu sayen burodi.

"Baba, guda nawa zan ɗaure maka?"

"Ba wardi nake so ba," ya ce, yana gyara tsayuwa. "Wannan ai kowa ma ido rufe yake saya. Ni wanda ya dace da ita nake nema."

"Madalla. Wane launi take so?"

Ya shiga dube-duben bokitai.

"To ƙamshi fa? Mai ƙarfi ko mai sanyi?"

Ya ce ta dai nuna masa abin da ke akwai, shi da ya gani zai gane. Ta nuna masa wani rawaya mai faffaɗar fuska, ya ce ya cika surutu. Ta nuna masa wani ja mai ratsin ruwan goro, ya ce na 'yan mata ne. Akwai wani shuɗi a tukunya, ya ɗaga ya juya ya ajiye. Gaskiyar magana bai san abin da yake nema ba, yana dai ƙin kowanne da ƙarfin hali don kada a gane.

Hancinsa ne ya cece shi. Can a kusurwa, bayan bokitan wardi, akwai wasu 'yan ɗauri na farin fure, ƙanana jere a kan dogon kara, ba wani ado. Ya sunkuya. Ƙamshin ya shige shi har ƙirji. Shi ne ƙamshin da yake ji a mayafinta in ta wuce ta gabansa, shi ne yake tarar da shi a falo in ya dawo da yamma.

"Wannan," ya ce. "Wannan ita ce."

"Kana da hanci, Baba. Ba daga gona ake kawo shi ba. Wata baiwar Allah ce take shuka shi a gwangwanayen fenti a gidanta, shekara tara tana kawo mini duk Laraba. Ka yi sa'a ma, wannan ne na ƙarshe. Ta ce ta gaji, in je in kwashe gwangwanayen."

"Babu mai taya ta kula da su?"

Mai Fure ta yi dariya tana yarfe ruwan da ke jikin karan. "Ta ce mijinta bai ma san suna fure ba. Ciyawa yake ce musu."

Mai Agogo ya ja dogon tsaki. Makonni uku yana yawo da kunyar asibiti a wuyansa, yau ga shi an nuna masa wanda ya fi shi lalacewa, sai ya ji sanyi a ransa.

"Wannan ai ba miji ba ne," ya ce. "Ɗan haya ne."

Ya kama hanya da furen a hannu, yana tafe yana maimaita maganar a zuci don ta yi masa daɗi.

Ya tarar da ita a ɗaki, zaune a kan akwatin tana kokawa da zif. Ta ɗago a firgice, don rabon da ta gan shi a gida da sauran rana har ta manta.

"Lafiya, maigida?"

Ya miƙa mata. Ta karɓa a hankali, ta dubi furen, ta juya shi ta dubi inda aka ɗaure.

"Ban sayo wardi ba," ya ce. "Rumfa cike da shi, na ƙi. Da kaina na zaɓi wannan, ba wanda ya nuna mini. Ina jin ƙamshin na ce ke ce."

Fuskarta ta saki. Idonta ya kawo ruwa kaɗan, ta kai furen hancinta. Da Mai Agogo ya ja bakinsa a nan, da wataƙila ya ci nasara. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin da shida ba ya hira da matarsa, yau da ya samu labari ai ba zai bar shi ya tafi a banza ba. Ya zauna a bakin gado ya kwashe komai ya gaya mata: baiwar Allah, gwangwanayen fenti, shekara tara, da sakaran mijin da yake ce musu ciyawa.

"Kai me ka ce da aka gaya maka?" ta tambaya.

"Na ce ɗan haya ne, ba miji ba."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙe, furen na hannunta.

"Zo ka tura mini ƙofar baya, tana cijewa."

Ya bi ta suka ratsa kicin. Ya sa kafaɗa ya tura ƙofar. Ɗan fili ne da ke bayan kicin, inda ake shanya, rabonsa da shi tun shekarar da famfo ya fashe. A jikin katanga gwangwanayen fenti ne jere a kan bulo, sahu uku, sun fi talatin. Yawancin karan an yanke su da safiyar nan, bakin yankan bai gama bushewa ba. 'Yan kaɗan da suka rage suna ɗauke da farin fure. A kan ƙusa kuma ragowar tsohuwar rigarsa ce mai ratsin shuɗi take rataye, an yayyanka ta sili-sili. Ya dubi rigar, ya dubi ƙyallen da aka ɗaure furen hannunta da shi.

A nan ya tuna. Ta tagar banɗaki yake leƙowa wani lokaci, bakinsa da kumfar man goge haƙori, ya ce, "Ke, wannan ciyawar taki ce ke tara mana sauro."

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ta asibiti ma da sauƙi, can rashin sani kawai ya nuna. A nan kuwa da bakinsa ya yanke wa kansa hukunci, sau biyu, har yana jin daɗi.

"Ba ka yi ƙarya ba," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ƙamshina ne. Gobe da hantsi Mai Fure za ta zo ta kwashe su."

"Kada a kwashe."

"Wa zai ba su ruwa?"

"Ni."

"Sau nawa ake ba su? Wanne ne ba ya son rana?"

Ya buɗe baki zai ce in ya gani zai gane, sai ya rufe. Ya sunkuyar da kai.

"Ban sani ba. Ki gaya mini."

Ta dube shi. Sannan ta ajiye furen a kan bulo ta fara bayani, da sauri, kamar mai miƙa aiki ga wanda ba ta da tabbas a kansa. Sahun sama kullum da safe. Na ƙasa bayan kwana biyu, in ba haka ba saiwar ta ruɓe. Waɗannan huɗun a ja su inuwa in rana ta take. Ya laluba aljihu ya fito da 'yan katunan da yake ɗaura wa agogon mutane, yana rubutawa yana ɗaurawa a hannun kowane gwangwani.

"Yaushe za ki dawo?" ya sake tambaya, ba tare da ya ɗago ba.

"Waɗanda na yanka yau sai sun yi mako bakwai kafin su sake fure, in sun samu mai kula. In ka ga fari ya fito ka kira ni, mu ji." Ta ɗauki furenta. "Ita kuwa Mai Fure ba zan aika mata ba. In kana so su zauna, kai za ka gaya mata da bakinka."

Washegari ya kai ta tasha da babban akwatin, furen na kan cinyarta. Bai buɗe shago ba. Ya dawo ya ba sahun sama ruwa, ya jiƙa ƙafar wandonsa, yana ta duba agogo kamar mai jiran sammaci. Da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ya tsaya a bayanta na ɗan lokaci, bokiti a hannu, ya yi tunanin yin shiru har a gaji a tafi. Sannan ya zare sakata.

Mai Fure ce, da amalanke a bayanta. Ta buɗe baki za ta yi sallama, sai ta tsaya. Ta dubi fuskarsa, ta dubi lambar gidan, ta sake duban fuskarsa.

"Baba? Kai ne a nan?"

"Ni ne," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ni ne ɗan hayar. Ki yi haƙuri da wahalar da kika sha, gwangwanayen ba za su tafi ba."