Mintin Riga Ɗaya

Manaja ya dangwarar da takarda a teburin Auta, akawun ɗakin ɗinki. "Malama, jera min telolin nan goma sha biyu, ki raba su gida huɗu. Kashin da ya fi lalaci, jibi ya ajiye almakashi."

Auta ta duba sunayen. Yayarta, wadda ta goya ta har ta yi wayo, tana cikinsu, kuma idonta ya fara rauni, sai ta yi ta lalube kafin zare ya shiga allura.

Gaban kowane suna an rubuta mintin da mutum ke ci kafin ya gama riga ɗaya. Auta ta jera su daga ƙarami zuwa babba. Ta ja layi a tsakiya, shida nan shida can, ta sake tsaga kowane shida biyu. Layin sama ya faɗa kan minti ashirin da shida, na ƙasa kan talatin da takwas. Yaya tana da arba'in da ɗaya. Wayyo Allah! Tana cikin ukun da suka fi kowa nawa.

Ta kai wa Manaja takardar. Manaja, mutumin da kullum sauri kamar ana korarsa, ya zura ido, ya zagaye ukun farko da jan biro. "Ashirin da biyu, ashirin da huɗu, ashirin da biyar? Ga ragwayen nan! Sa hannu."

Ashe a zatonsa yawan riguna ne. Ya zagaye waɗanda suka fi kowa zafin nama, har da wata mai tsohon ciki da ko ruwa ba ta tashi sha. Yaya ta tsira ke nan, muddin Auta ta ja bakinta ta tsuke.

Tsoro ya rufe ta ta ko'ina. Tana tsoron ta yi magana, tana tsoron ta yi shiru, tana tsoron ranar da wani zai sake duba takardar ya ga sa hannunta.  Daga can tana jiyo ƙarar kekunan ɗinki.

"Me kike jira?"

"Yallaɓai," ta ce, "minti ne, ba riguna ba. Mai ƙaramar lamba shi ya fi sauri."

Ya ja tsaki, ya soke zagayen, ya koma ɗaya ƙarshen ya yi sabo. Ko godiya babu.

"To, je ki kira min su."

Ta fita ta bi tsakanin kekuna. Yaya ta ɗago kai, zare a baki, ta ƙanƙance ido don ta gane ta, sannan ta yi murmushi.

"Autata, zo sa min zaren nan, ya ƙi ni tun ɗazu."