Daɓen Ɗakin Zomaye

A unguwarsu a Bande, in akuya ta kwanta haihuwa abin ya zo da gardama, ba a tsayawa wata shawara, Yakura ake kira. Ta zo, ta naɗe hannun riga, ta shafa man gyaɗa, kafin ka ce me ga ɗan akuya yana atishawa a ƙasa. Shekara talatin tana wannan aiki, kuma in za a faɗi gaskiya, abin ya ɗan shiga kanta. Mace ce mai kirki, amma fa ba ta yarda a koya mata komai a kan dabba mai ƙafa huɗu ba.

To ga ta da 'yar auta, Zahara'u, wadda duk awakin gidan ba su dame ta ba, zomaye ne a ranta. Biyu gare ta, kawunta ya kawo mata daga Guci: namiji mai ruwan toka da ta raɗa wa suna Dogo, da zomanya fara fat, Kyauta. Ba don tukunya take kiwonsu ba. Ranar da mahaifinta, Malam Alkasim, ya ce cikin wasa Dogo ya isa miya, kwana biyu yarinyar nan tana kumbure-kumbure. A tsohon ɗakin ajiya ta zuba su, ɗakin da ba a taɓa yi wa daɓe ba, suka bi shi da tono har ya zama ramu ko'ina.

Da kaka ta yi aka buɗe lakwal, wato makaranta, Zahara'u ta samu shiga lise, babbar sakandare, a Damagaram. Safiyar tafiya mai moto yana ƙofar gida yana jiran ya kai ta tasha, ita kuwa tana tsugune a ɗakin zomaye tana jera wa uwarta umarni.

"Inna, Kyauta na da ciki, saura kamar sati biyu. Na raba ta da Dogo, ga shi can cikin akurki, kada ki haɗa su. Harawa da dusa da safe, ganyen zogale in an samu. In kuma ta zo haihuwa, za ki ga..."

"Ke, tashi ki tafi karatunki," in ji Yakura. "Ni za ki koya wa haihuwa? Na karɓi ta akuya, na karɓi ta tunkiya, har ta jaka na karɓa. Wannan 'yar abar da ba ta cika ƙwarya ba ce za ta gagare ni?"

"Amana ce, Inna. Haihuwarta ce ta fari. Ina so in zo hutun bakansi in tarar da su."

"Na karɓa. Tafi, Allah ya ba da sa'a."

Abin mamaki, ba a yi sati ba Yakura ta kamu da son zomanyar. Ta kan zauna a bakin ƙofa da tsakar rana, Kyauta ta zo tana shinshina mata yatsun ƙafa, hancin nan ba ya hutawa. Har hira take yi mata. Malam Alkasim ya ce ya ga alama an yi masa sabuwar auta a gidan.

Wata safiya ta shiga ta tarar da zomanyar tana tsige gashin cikinta da haƙora, ta cika baki da shi fam. "Subhanallahi, ƙazwa!" Nan take ta kama ta, ta mulke mata ciki da man kaɗe, kamar yadda take yi wa akuya mai kirci. Kyauta ta yi ta shure-shure, ta fice daga hannunta ta shige bayan fasasshen tulun da ke lungun ɗakin.

Kwana biyu bayan nan, cikin ya ɓace. Jiya ga shi tim, yau zomanya ta zama siririya, tana cin harawarta hankali kwance. Yakura ta duba bayan tulu, ta duba ƙarƙashin harawa, ta leƙa kowane rami ta zura kara. Babu ɗa, babu mahaifa, ko ɗigon jini babu. A saninta, dabba in ta haihu ɗanta na gefenta, tana lasa, yana kuka. In ba ya nan, to ta yi ta neman sa tana ihu. Wannan kuwa ko a jikinta.

Malam Alkasim ya zo ya tsaya ya kama ƙugu, ya dubi ramukan ya girgiza kai. "Gafiya ce. Ta biyo ta ƙarƙashin bango ta kwashe su. Allah ya sa ma ba maciji ba ne."

Ran Juma'a Zahara'u ta kira a wayar mahaifinta. "Inna, ta haihu?"

"Lafiyarta lau, ci take kamar me," in ji Yakura, ta yi maza ta koma tambayar abinci da sabulu. Da aka kashe waya ta zauna a kan turmi, zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Kunya ta ishe ta. Ita da ake kira gida-gida, ita ce ta kasa riƙe amanar 'yarta, ga kuma ƙarya ta ɗora a kai. Ta ce a ranta, 'ya'ya dai sun tafi, amma wallahi uwar ba za ta bi su ba. Za ta toshe kowace hanyar gafiya, za ta yi wa ɗakin nan daɓe mai ƙarfin dutse.

Daɓe kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ta aika wa maƙwabciyarta Saude da sauran matan unguwa gayya. Aka kawo tsakuwa amalanke guda, aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a randa, ta kwana biyu ruwanta ya yi baƙi. Ran jajibirin daɓen da la'asar, kwana tara ke nan da ɓatan cikin, Yakura ta ɗauke Kyauta ta kife ta da babban kwando a gindin dalbejiya, ta ɗora dutse a kai. Ta fitar da fasasshen tulu, ta cike ramukan da ƙasa, ta baje tsakuwa daga bango zuwa bango, ta yayyafa ruwa don ta kwana ta sha.

Hantsi bai gama ɗagawa ba mata bakwai suka hallara, kowace da madaɓinta, wato guntun icce mai faɗin ciki da ake dukan ƙasa da shi. Suka durƙusa a jere daga bakin ƙofa, suka fara. Tim, tim, tim. Saude ke ba da waƙa, saura na amsawa, kuma rabin waƙar tsiya ce ake yi wa mai gayya.

"Mun yi daɓen amarya, mun yi na mai jego," in ji Saude tana share zufa, "amma yau ne na fara yi wa zomo. Yaya Yakura, gado ma za ki saya mata?"

"Ke dai daka, bakinki ya fi hannunki aiki. Ga dambu can yana jiranki."

Aka kwashe da dariya. Aiki ya yi nisa, an wuce rabin ɗaki, ƙasa ta fara sheƙi. Yakura ta fito ɗebo ruwan makuba, sai ta ji kwando na motsi. Kyauta ce ke buga ƙafa, tana gwaguyar kaba, ta ma fara tona ƙarƙashin kwandon. Harawar da aka sa mata tun jiya ko taɓawa ba ta yi ba.

"Haba 'yar nan, don ke fa ake wahalar." Ta ɗaga kwando ta ɗauke ta. Hannunta kuwa, hannun mai awaki, da kansa ya zarce ƙarƙashin ciki, don shekara talatin ba ta taɓa ɗaukar macen dabba ba tare da ta taɓa hantsa ba. Sai ta ji ɗumi. Ta janye hannu ta duba: nono ne, fari, a kan yatsunta.

Ta tsaya cak. Akuyar da ɗanta ya mutu, kafin kwana tara nononta ya ja baya, ya ƙafe. Wannan kuwa a cike yake tam, kan nonon a jaye, gashin gefensa a kwance. Ba a yin haka sai da baki. Har jiya ana shan wannan nono.

Tim, tim, tim, daga cikin ɗaki.

"Ku tsaya!" Ihun da ta yi sai da kaji suka watse. "Ku tsaya don Allah! Kada wadda ta ƙara bugawa!"

Ta faɗa ɗakin da zomanya a ƙirji, kallabi ya zame. Matan suka yi sororo, madaɓai a sama.

"Lafiya, Yaya? Kunama ce?"

"Ku fito duka. Ku fito, ku yi shiru."

Suka fita suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, kai bisa kai. Yakura ta ajiye Kyauta a kan sabon daɓe. Zomanyar ba ta yi wata-wata ba, ta nufi lungun da fasasshen tulu yake a da, ta hau tono, tsakuwa na tashi ta bayanta. Daga inda madaɓin Saude ya tsaya zuwa wurin, bai fi kamu ɗaya ba. Yakura ta durƙusa ta taya ta kwashe tsakuwar da hannu bibbiyu. Ƙarƙashi ƙasa ce mai laushi, a toshe, an lallaɓe ta sumul yadda ido ba zai taɓa cewa akwai ƙofa ba. Ƙasar ta burma, baƙin rami ya bayyana, Kyauta ta shige har wutsiya.

Mata suka zuba wa ramin ido. Can sai ga ta ta fito, tana karkaɗe kunne, ciki ya saki. Yakura ta yi bisimilla ta zura hannu har kafaɗa. Ta taɓo laushi, gashi ne tuli guda, da ɗan maiƙon man kaɗenta a jiki. A cikin gashin kuma wani abu mai ɗumi ya motsa, ya tura mata tafin hannu da kai.

"Ɗaya," ta ce. "Biyu. Uku. Wayyo Allah, huɗu. Biyar. Shida!"

Ta zaro guda a hankali. Bai fi ɗan tsako ba, fari kamar uwarsa, ido a rufe, ciki ya yi ƙwal da nono. Saude ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, Yakura ta harare ta, sai guɗar ta fito 'yar siririya, mata suka toshe baki suna dariya har da hawaye. Ita ma Yakura hawayen take, nata dai ba na dariya kaɗai ba ne. Farin ciki ya cika ta, tsoron abin da ta kusa aikatawa kuma bai sake ta ba.

Ta mayar da ɗan cikin 'yan'uwansa. Tana janye hannu, Kyauta ta matso, ta juya, ta fara tura ƙasa cikin bakin ramin da ƙafafun gaba, tana dannawa.

"La ila! Za ta sake binne su da rai!" in ji Saude. "Kama ta, Yaya!"

Hannun Yakura ya miƙe, har ya kai kan gadon bayan zomanyar. Duk abin da ta sani a duniya cewa yake ta kama, ɗa ba ya kwana a ƙarƙashin ƙasa. Ta dubi 'yar dabbar nan da ta yi kwana tara tana buɗewa tana shayarwa tana rufewa, ba wanda ya gani, ba ta nemi taimakon kowa ba. Sai ta janye hannun ta ɗora a cinya.

"Ƙyale ta," ta ce. "Ta fi ni sani."

Suna kallo har ƙasar ta koma sumul. Yakura ta tashi ta karkaɗe gwiwa, ta tattara madaɓai ta miƙa wa kowace nata, rabin ɗaki na sheƙi, rabi tsakuwa.

"Daɓe ya ƙare. Ku zo mu ci dambu. Saude, leƙa zaure ki ce Malam ya ba ni waya, akwai maganar da zan gyara da 'yata."