Ranar da Baba Ya Ga Hashimu a Tele

Shekara tara na yi ina shirga wa mahaifina ƙarya, kuma ba a tsaye nake yi ba, a zaune nake yi a gabansa da takarda a hannuna.

Mu mutanen Farcha ne, unguwar mayanka a Njamena. Baba Mijinyawa mahauci ne ɗan mahauci. Ni Bilkisu ni kaɗai ce na yi nisa a boko cikin 'ya'yansa, don haka duk wasiƙar da ta shigo gida ni nake karanta masa.

Yayana Hashimu kuwa tun yana ƙarami Allah ya zuba masa kwaikwayo. In ya kalli mutum sau ɗaya, to ya ɗauke tafiyarsa da tarinsa da yadda yake gyara hula. Wata rana a kasuwar shanu yana cikin kwaikwayon Alhaji Inusa, babban dillali, mutane na faɗuwa don dariya, ashe Alhajin na tsaye a bayansa. Ranar Baba ya zane shi a gaban jama'a, ya ce, "Ni ban haifi ɗan kama ba. Ranar da ka mai da wasa sana'a, ka nemi wani uban." Ina nan lokacin da ya faɗa, kuma Baba ba ya magana biyu.

A 1991 Hashimu ya tafi Jidda neman aiki, daga can aka ɗauke shi zuwa Ostareliya, aiki a wata mayanka da ke son Musulmi masu yanka. Baba ya ji daɗi ƙwarai. Kowa ya tsaya sayen nama sai ya ji cewa ɗan Mijinyawa ne ke yanka wa Turawa a ƙarshen duniya.

Shekara uku ana haka, sai ga wata wasiƙa da wani labari daban. Hashimu ya bar mayanka. Wai lokacin cin abinci yakan kwaikwayi shugaban aikinsu, har wani abokin aikinsa ya ja shi wani zaure inda ake biyan mutum ya tsaya ya ba da dariya. Ya tsaya, aka yi dariya, aka ce ya dawo. Na ɗaga kai na ga Baba ya zuba mini ido, sai na ji bakina ya ce, "Yana gaishe ka, aiki na tafiya lafiya."

Daga nan ƙarya ta zama mini aikin yi. Da aka ba shi fitowa a wani wasan talabijin a matsayin direban tasi, na ce an mai da shi ɓangaren fiɗa. Da ya fito a fim, na ce an ba shi yara goma a ƙarƙashinsa. Da aka ba shi shirinsa na kansa, inda yake gayyatar manyan mutane ya yi hira da su yana tsokanarsu, na naɗa shi shugaban mayanka gaba ɗaya. Da ya ci lambar yabo sai muƙamai suka ƙare mini, na ce an saya masa wuƙa mai lantarki. A ƙasan kowace wasiƙa yakan tambaya, "Me Baba ya ce?" Ni kuma in rubuta masa cewa Baba yana sa masa albarka. Gaskiya ne yana sa wa, amma mahauci yake sa wa.

Ni da kaina na tona wa kaina asiri. Bayan aikin Hajjin 2003 wani alhaji da suka haɗu da Hashimu a can ya kawo mini kaset ɗin bidiyo daga gare shi. Ba mu da abin kallo, sai na kai shagon Kamaluddeen a unguwar Ridina, wani Bakano da bai daɗe da zuwa ba, mai sayar da rediyo da talabijin. Na ce ya ajiye, gobe zan zo in kalla ni kaɗai. Ban san cikin Kamaluddeen ba ya riƙe ko ruwan shayi ba.

Washegari bayan la'asar na ji hayaniya a ƙofar gida. Na leƙa, sai ga talabijin da bidiyo da janareto a kan amalanke, Kamaluddeen na gaba yana washe baki, mahautan Farcha na biye da shi kamar an ce ana rabon goro.

"Baba, albishirinka!" in ji shi. "Ashe ɗanka ne ke juya ƙasar Turawa, kuka yi shiru da bakinku?"

Baba ya ce, "Ai kowa ya sani. Shugaban mayanka ne."

"Wace mayanka kuma, Baba? Bari dai ka gani."

Na tsaya a bakin zaure, na jingina da bango, ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Ba tsoron a kira ni maƙaryaciya ba, wannan na cancanta. Tsorona kada Baba ya buɗe baki a gaban mutane ya sallama ɗansa.

Aka tayar da janareto, hoto ya yi rawa ya tsaya. Wani ƙaton zaure ne cike da Turawa. Wata murya ta ɗaga da Turanci, ba wanda ya gane komai cikinmu sai kalmomi biyu na ƙarshe, waɗanda ta ja su da ƙarfi: "Hashimu Mijinyawa!" Zauren duka ya ɗauki tafi. Yayana ya fito da kwat, ya yi ƙiba, gashinsa ya fara ja da baya.

Sai Baba ya ce, "Mai da baya." Kamaluddeen ya mayar. Muryar ta sake kiran sunan, aka sake tafi. Baba ya ce, "Bai gutsure sunan ba." Ban gane ko yabo ne ko kuma shirin faɗa ba.

Baƙon ranar wani jibgegen Bature ne, Kamaluddeen ya ce da alama babba ne a gwamnati. Ya zauna a kujera yana jira sai Hashimu ya ba shi dama kafin ya yi magana. Suna cikin hira Hashimu ya miƙe, ya tura hular da babu ita zuwa ƙeya, ya harɗe hannu a baya, ya karkata kafaɗar hagu, ya fara zagaya mutumin a hankali yana tsaki. Babu wanda ke ƙofar gidanmu da bai gane ba. Baba ne a kasuwar shanu, sak, har da ɗan ɗingishin nan.

Mahauta suka haɗiye dariya, kowa na satar kallon Baba. Alhaji Inusa, wanda tsufa ya kama yanzu, ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

A cikin akwatin talabijin Hashimu ya sa baƙon ya tashi tsaye. Ya matsa haƙarƙarinsa da yatsu uku, ya danna ƙirjinsa, ya koma baya ya mintsini ƙugunsa, sannan ya girgiza kai ya kakkaɓe hannu ya juya zai tafi. Turawa suka kece da dariya, shi kansa baƙon har da share hawaye.

Baba ya matso gaba a kan tabarma. "Ya yi daidai," ya ce. "Wannan duk kitse ne da ruwa, in ka fiɗe shi ba za ka samu nama ba. Ni ma da ba zan saya ba."

Sai dariyar da aka danne ta fashe. Alhaji Inusa ya ce da Larabcin gari, "Wallahi da wiledak!" wato wannan ɗanka ne ba musu. Baba ya ce, "To ɗan wa zai zama? Duba yadda ya ajiye yatsu. Ni na koya masa, yana shekara goma."

Sau huɗu aka kalli wurin. Ni ina bakin zaure ina kuka, ina alfahari da yayana har ƙirjina ya cika. Yaron da aka zane a kasuwar shanu, ga shi ya tsayar da babban mutum yana lalube shi, mutumin kuma na godiya.

Da magariba ta gabato mutane suka watse, Baba ya kira ni.

"Bilkisu, tun yaushe ya bar yanka?"

"Shekara tara, Baba."

"Shi ya ce ki ɓoye mini?"

"A'a. Shi ya ɗauka ka sani. Ni ce na ji tsoron maganar da ka yi masa a kasuwa."

"Na faɗa," ya ce. "Na zaci zai ƙare yana bin gidajen biki ana jefa masa abin da ya rage. Ban san akwai inda manya ke zama su jira shi ba."

Na durƙusa na ce ya yafe mini, don shi na yi, kuma don Hashimu.

"Na yafe miki ƙaryar," in ji Baba. "Amma shekara tara, 'yar nan. Shekara tara ana kiran sunana a gaban dubban mutane suna tafi, ni kuma ina zaune a Farcha ina ba mutane labarin wuƙar lantarki. Shekarata saba'in da biyu. Wa zai mayar mini da su?"